Ɗan aiken da ke buga wa ɗakunan alhazai waya: littafin aikina a Misfala

Lahadi, 6 ga Afrilu 2025

Yau bayan La'asar maigida ya ba ni izinin haɗa tsarin da zai riƙa buga wa ɗakuna waya da sanarwa. Masaukinmu yana nan Misfala a Makka, hawa takwas, ɗaki goma sha biyu a kowane hawa, ɗaki 96 ke nan, kuma kusan kowace shekara alhazan Najeriya ne ke cika shi. Bara da idona na ga yara biyu suna hawa suna sauka, suna ƙwanƙwasa ƙofofi don sanar da lokacin mota. Wani ɗakin a buga masa sau biyu, wani a tsallake shi. Wata tsohuwa a hawa na shida sai da 'yan ɗakinta suka isa Mina sannan aka gane an bar ta tana barci. Tun daga ranar abin yake raina.

Kowane ɗaki yana da wayar tebur irin ta da, kuma shekara biyu ke nan da muka haɗa su da Asterisk, manhajar da ke sarrafa kiran waya a kwamfuta, ta akwatuna huɗu, kowanne da baki ashirin da huɗu na soka igiyar waya. Abin da nake so shi ne mai teburin karɓar baƙi ya zaɓi hawa, ya zaɓi saƙo, ya sa lokaci, wayoyin su yi ƙara da kansu a faɗa wa mutane abin da ake ciki da Hausa.

Asterisk yana da folda mai suna /var/spool/asterisk/outgoing. Duk fayil ɗin da ya faɗa cikinta, ɓangaren da ake kira pbx_spool zai ɗauka ya buga wayar da aka rubuta. Ba ya tambayar wa ya ajiye, ba ya tambayar ko an gama rubutawa. Aikina shi ne in rubuta ɗan shirin da zai riƙa kai waɗannan fayiloli. Na sa masa suna ɗan aike. Wata biyu gare ni.

Talata, 8 ga Afrilu

Na rubuta na farko da hannu, zuwa wayar ɗaki 101 da babu kowa ciki:

Channel: PJSIP/101
CallerID: "Masauki" <100>
MaxRetries: 2
RetryTime: 60
WaitTime: 30
Context: sanarwa
Extension: s
Priority: 1
Setvar: SAKO=mota
Archive: yes

Ta yi ƙara. In ba ka rubuta lambobin nan da kanka ba, Asterisk ba ya sake gwadawa ko sau ɗaya, yana barin waya ta yi ƙara daƙiƙa 45, kuma tsakanin gwaji da gwaji daƙiƙa 300 ne. Minti biyar ya yi yawa ga wanda mota ke jira, shi ya sa na mai da shi minti ɗaya. Biyun da ke gaban MaxRetries ƙari ne a kan bugun farko, wato sau uku ke nan.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yini guda ya tafi a abu ɗaya. Na rubuta ɗan aike na farko da bash, harshen ba kwamfuta umarni, yana rubuta layi-layi kai tsaye cikin outgoing: ya sa layin Channel, ya rufe, ya buɗe ya ƙara na biyu, haka har ƙarshe. Na kunna, shiru. Na leƙa foldar, wani lokaci ba komai, wani lokaci guntun fayil da babu kansa. Na zargi akwatin wayoyi, na zargi igiya, har na hau ɗaki 101 sau biyu na ɗaga wayar in ji ko tana da rai.

Sai bayan Magariba na buɗe rahoton Asterisk na karanta a natse. Ƙorafinsa a fili yake: ya sami fayil da aka faɗi wayar da za a buga amma ba a faɗi abin da za a yi in an ɗauka ba, don haka ya ce fayil ɗin bai cika ba, ya goge. Wato da na rufe layin farko ya riga ya ɗauka. Sauran layukan kuma suka haifi sabon fayil marar Channel, shi ma ya goge shi. Kamar ka fara zuba tuwo a kwano, yaro ya ɗauke ya fita da shi kafin ka sa miya.

Ba laifin Asterisk ba ne, haka aka gina shi, kuma masu shi sun faɗa: a rubuta fayil a wani wuri, a gama, sannan a matsar da shi ciki da umarnin mv. Na san da wannan a karance, yau na san shi a aikace.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na bar bash na koma harshen Python. Na rubuta fayil a foldar /tmp, na kira os.rename, umarnin matsarwa na Python, don ya matsar, sai ya ƙi, ya ce wuraren biyu ba a kan ma'ajiya ɗaya suke ba. Na duba da df, umarnin da ke nuna ma'ajiyoyi, ashe /tmp na wannan kwamfutar a cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi take, ba a kan faifai ba.

Ƙin da ya yi alheri ne. Abin da ya sa matsarwa ta fi kwafi aminci shi ne, in wuraren biyu suna kan ma'ajiya ɗaya, ba a taɓa abin da ke cikin fayil ko kaɗan, suna kawai ake sauyawa, kuma a bugu ɗaya ake yi: ko fayil yana can a cike, ko babu shi. Amma in ma'ajiyar ta bambanta, mv ba ya cewa komai, sai ya kwafa ya goge na baya, ka koma gidan jiya ba ka sani ba. Haka shutil.move na Python ma yake yi. Don haka na tsaya a kan os.rename, gara ya ƙi in ji.

Wurin rubutu yanzu /var/spool/asterisk/tmp ne, maƙwabciyar outgoing. Na kuma sa ɗan aike ya kira fsync, mai tilasta rubutu ya sauka a faifai, kafin ya matsar, don ko wuta ta ɗauke a tsakani kada a tashi da fanko.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ba abin kirki. Na gyara na'urar buɗe ƙofa a hawa na huɗu, na canza wayoyi biyu da igiyarsu ta tsinke.

Laraba, 16 ga Afrilu

Shafin kwamfuta da mai tebur zai riƙa cikawa ya fara aiki, amma da ya aika fayil sai ya ɓace ba ƙara. Wannan karon rahoto na fara dubawa. Shafin yana gudana da sunan wani mai amfani daban, kuma fayil ɗin wucin gadi da Python ke ƙirƙira mai shi kaɗai ke iya karantawa, don haka Asterisk ya kasa buɗewa ya goge. Na sassauta izini ya karanta, sai ya koma ƙorafin ya kasa sauya lokacin fayil. Ashe ba karatu kawai yake yi ba: yana rubuta bayanin kowane gwaji a ƙarshen fayil, yana kuma tura lokacinsa gaba zuwa gwaji na gaba, kuma wannan sai mai fayil.

Hanya mai sauƙi ita ce in buɗe foldar ga kowa, ko in ba shafin ikon root, wato ikon yin komai a kwamfutar. Ban yi ko ɗaya ba. Duk wanda ya iya ajiye abu a outgoing ya mallaki wayoyin gidan nan gaba ɗaya, har da layin waje da maigida ke biya. Na sa ɗan aike ya riƙa gudana da sunan asterisk, shafin kuma ba ya ganin foldar ko daga nesa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Naɗar murya. Na roƙi Baba mai gadin dare, haifaffen Makka ne, iyayensa a ƙafa suka zo ta Sudan. Muryarsa na da sanyi, irin wadda in ta tashe ka ba za ka firgita ba. Da muka saurari na farko sai na ji ya ce "hafila tana jira a bakin funduƙ." Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, alhajin da ya fito daga Gumel ko Bunza ba zai gane hafila ba." Ya yi dariya ya ce, "To ɗana, faɗa mini yadda ake cewa a gida." Muka mai da shi mota da masauki. Shi kuma ya gyara mini nawa: na rubuta saƙon ya fara da "ku tashi", ya ce ba a tashin baƙon Allah haka, sai an yi sallama, an ɗan dakata, sannan a yi magana. Dakatawar ta ma yi amfani, don mutum na buƙatar daƙiƙa biyu kafin ya kai wayar kunne.

Saƙo huɗu muka naɗa: mota, abinci, taron malamai, da tashin dare. Na juya su da manhajar sox zuwa fayil ɗin sauti na wav mai 8000 a daƙiƙa, bit 16, baki ɗaya, irin wanda wayar tarho ke ɗauka. A tsarin kira ana rubuta sunan saƙo ba tare da wutsiyar .wav ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Kashe kuɗi zuwa yau: batirin riƙe wuta riyal 420, wayoyin tebur shida riyal 210, igiya da kawunanta riyal 65. Jimla 695. Maigida ya biya na batiri da wayoyi, igiya daga aljihuna.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ban so rubuta wannan ba, amma don shi aka buɗe littafin.

Masu Umara da ke hawa na uku za su tafi filin jirgin Jidda, shugabansu ya ce a tashe su ƙarfe uku da rabi na dare. Na ce a bar wa ɗan aike, gwajinsa na farko da mutane. Asterisk na da wata ɗabi'a mai kyau: in lokacin da ke jikin fayil yana gaba, ba zai buga ba sai lokacin ya yi. Sashen sa lokaci bai gama haɗuwa da shafi ba, don haka na shirya fayil goma sha biyu da hannu, na sa musu uku da rabi da umarnin touch, na duba ɗaya bayan ɗaya, duk daidai. Sha biyu saura kwata, ina gajiye, hannuna ya rubuta cp, umarnin kwafi, a maimakon mv.

Kwafi sabon fayil ne, kuma sabon fayil lokacin yanzu yake ɗauka. Kafin in ɗaga yatsa wayoyi goma sha biyu sun kama ƙara, muryar Baba na cewa mota tana jira. Mutanen da suka dawo daga ɗawafin bankwana, ko awa ɗaya ba su yi da kwanciya ba. Na haura a guje ina bin ƙofofi, amma wasu har sun fito da jakunkuna. Wani dattijo da ke dogara sanda ya riga ya sauka ƙasa da kayansa da jarkar zamzam. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, kuskurena ne, da sauran awa uku da wani abu." Ya dube ni ya ce, "Ba komai yaro, Allah ya sa iyakarta ke nan." Bai koma sama ba, ya ce hawa da saukan ya fi masa wuya, a kujerar zaure ya zauna har motar ta zo. Ni ma ban kwanta ba, na zauna da shi, kuma da lokaci ya yi da ƙafa na tashi sauran.

Da safe maigida bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da daren Mina ne fa?" Ba ni da amsa. Mutum kusan ɗari huɗu za su cika zaure da titi ba mota.

Abin da na yanke: daga yau babu hannun mutum a outgoing, har nawa. Kuma na daina ajiye kiran da lokacinsa bai yi ba a can. Dabarar lokaci tana aiki, amma ta rataya ne a kan abu ɗaya da harafi biyu ke iya gogewa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Jiya 1 ga Zulƙida, wa'adin fitar masu bizar Umara ya cika, gidan ya zama fayau. Na samu damar gwajin da nake jira: ɗaki 96 a lokaci ɗaya, yara uku suna zagaye suna saurare. Asterisk ba shi da burki a nan, in ka zuba masa fayil ɗari, ɗari zai buga. Shi bai gaji ba, akwatunan ne suka nuna iyakarsu. Da bakuna ashirin da huɗu suka nemi ƙara tare, wasu wayoyin sai ɗan gurnani, biyar ba su yi ko motsi ba.

Hajiya mai kula da ɓangaren mata ta kawo abin da ban hango ba. Ta ce, "Ko da duk sun yi ƙara, lif biyu gare mu. Ka tashi hawa takwas tare, tsofaffi ne za su sha matsi." Gaskiya ta faɗa. Yanzu kira takwas ne iyaka a lokaci guda, hawa bayan hawa, daga sama zuwa ƙasa, da tazarar da mai tebur zai zaɓa.

Lahadi, 4 ga Mayu

Sabon tsarin ɗan aike ya kammala. Shafi yana rubuta buƙata a ƙaramar ma'ajiyar SQLite: ɗaki, saƙo, lokaci. Kowane minti cron, mai kunna shiri a kan lokaci, yana tashin ɗan aike, ya duba waɗanda lokacinsu ya yi, ya ƙirga fayilolin da ke outgoing, ya cike gurbin da ya rage zuwa takwas, ya ci gaba da haka har layi ya ƙare. Na sa masa kulle da flock don kada na biyu ya tashi na farko bai gama ba su buga ɗaki ɗaya sau biyu. Kowane fayil da sunansa na daban, lambar ɗaki da lambar buƙata, domin matsarwa kan danne mai suna iri ɗaya ba ta yi gargaɗi ba.

Ribar da ta fi: in lokacin mota ya sauya, layi ɗaya ake gyarawa a shafi, Asterisk bai ma san an taɓa shirya wani abu ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ya zo, na ce ya yi ƙoƙarin lalata shafin. Cikin rabin awa ya kira ni, "Kawu, zo ka gani." Ya aika lambar ɗaki da karyewar layi a bayanta, ya ƙara layin Application na kansa, wato layin da ke faɗa wa Asterisk abin da zai yi, kuma ɗan aike ya kwashe duka ya zuba a fayil. Fayil ɗin kira layi-layi ake karanta shi, duk wanda ya iya cusa sabon layi ya iya ba Asterisk umarni, har da wanda ke gudanar da abu a kan kwamfutar kanta. Gabana ya faɗi, don shafin yana buɗe a teburin da kowa ke wucewa.

Na sa tacewa cewa lamba kaɗai za a karɓa. Ya sake karya ta ta hanyar da ba zan taɓa tunani ba: ya rubuta ٤١٢ daga madannin Larabci na wayarsa. A wurin Python waɗannan lambobi ne, isdigit, mai duba ko abu lamba ne, ya amince da su, amma babu waya mai wannan suna a Asterisk, kiran zai mutu shiru. Kuma haka abokan aikinmu ke turo lambar ɗaki a WhatsApp kullum.

Na watsar da tacewar. Yanzu ɗan aike na riƙe da jerin ɗakuna 96 da saƙo huɗu. Yana juya abin da aka shigar zuwa lamba, ya neme ta a jeri, kuma abin da ke jerin ne ke shiga fayil, ba abin da mutum ya buga ba. In babu, ya ƙi, ya nuna wa mai tebur ja. Sashen sanarwa na tsarin kira kuma ba shi da hanyar fita layin waje ko kaɗan.

Talata, 13 ga Mayu

Na koya wa masu tebur uku. Na zare wutar kwamfutar ana tsakiyar kira don gwaji, batiri ya riƙe.

Litinin, 19 ga Mayu

Rukunin farko sun iso daga Madina jiya da dare. Yau aka yi sanarwar taron malamai ta waya, ɗaki 36. Saboda layin Archive, Asterisk ba ya goge fayil in ya gama, yana mai da shi outgoing_done da hukunci a ƙarshe: Completed in an ɗauka, Expired in gwaji ukun sun ƙare ba a ɗauka ba. Ɗan aike na tattara na biyun ya nuna a shafi. Yau bakwai ne. Na bi su da kaina: uku sun tafi Harami, biyu an ajiye kan wayar a karkace, ɗaya an zare ta an sa a durowa don a sami wurin ɗora flas. Na bakwai wani bawan Allah ne shi kaɗai, zazzaɓi ya rufe shi, yana jin ƙarar bai iya tashi ba. Aka kira masa likitan tawagarsu. Ban gina jerin nan don wannan ba, amma daga yau doka ce duk ɗakin da ya fito a ciki sai an ƙwanƙwasa.

Wani gyara: agogon hannun da yawa daga cikinsu na kan lokacin gida, wanda ke bayan na nan da awa biyu. Baba ya sake naɗa saƙon taro, ya ƙara "a agogon Saudiyya."

Asabar, 24 ga Mayu

Gida ya cika. Sanarwar abinci sau biyu a rana, ba matsala. Na sa a riƙa share outgoing_done duk bayan kwana bakwai. Wayoyi biyu ƙari, riyal 70.

Talata, 27 ga Mayu

An ga wata. Gobe 1 ga Zulhajji, Arfa Alhamis 5 ga Yuni. Daga yanzu ba zan taɓa ko harafi a ɗan aike ba sai an sauko.

Laraba, 4 ga Yuni

Jiya da dare aka fara kwasa zuwa Mina. Lokacin mota ya sauya sau biyu, daga tara zuwa sha ɗaya, daga nan zuwa ɗaya da kwata, kuma duk sau biyun mai tebur ya gyara a shafi cikin minti ɗaya, ba wayar da ta yi ƙara kafin lokacinta. Mun fara daga hawa na takwas, tazarar minti goma sha biyu. Lif bai cushe ba. Ɗaki goma sha ɗaya suka fito a jerin waɗanda ba su ɗauka ba, tara sun riga sun sauko da kansu, biyu barci ne, Hajiya ta taso su. Motar ƙarshe ta tashi kafin kiran Asuba, muka zagaya hawa takwas da mabuɗi, ba kowa.

Abu ɗaya ya ba ni tsoro. Wajen ƙarfe biyu kira ya tsaya na kusan minti huɗu, saboda ɗakuna takwas da ba kowa sun cike gurbi suna jiran gwaji na biyu da na uku, na bayansu na layi. Ɗan aike yana ƙirga fayil, ba wayar da ke ƙara a zahiri ba. Bayan Sallah zan mai da MaxRetries sifili, ɗan aike ya riƙe sake gwaji da kansa ya mai da ɗakin ƙarshen layi. Sai kuma saƙo biyu da shugabannin tawaga suka nema don komawa gida, na auna kaya da na motar Jidda, da na Fulatanci ga ɗakuna shida a hawa na biyar. Baba ya ce ya san wanda zai naɗa mana a unguwar Shara Mansur.